Ƙwayar Da Sundus Ke Sha

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga Harami. Gidan Hajiya Ƙaltume da ke unguwar Ƙurban a Madina ya gauraye da ƙamshin shinkafar bukhari da miyar kuka, domin Hajiya ba ta yarda a yi Juma'a ba tuwo, ko da jikokinta za su ture shi gefe su bi shinkafa. An shimfiɗa ledar cin abinci a tsakar falo, ƙanwarta Goggo Dumbulwa ta miƙe ƙafa tana fifita da gefen mayafi, shi kuwa Umair, autan Hajiya, yana jingine da bango yana latsa waya.

Da aka ci aka ƙoshi sai Sundus, matar Umair, ta tashi ta ciko babban kofi da ruwa. Ta buɗe jakarta, ta ɓalle ƙwaya guda, ta juya fuskarta wajen bango ta haɗiye. Haka take yi kullum bayan abincin rana, shekara guda da rabi ke nan tun da aka kawo ta gidan.

Hajiya ta bi ta da ido har ta ajiye kofin, sannan ta dubi ƙanwarta kamar da ita take.

"Yaran yanzu, Dumbulwa, ba su mantuwa da ƙwaya. Ko salla ce sai haka."

Goggo Dumbulwa ta yi 'yar dariya ta ce a zamaninsu amarya ba ta zagayo shekara sai da goyo, amma yanzu an waye, kowa na tattalin jikinsa. Sundus ta ɗago ta dubi mijinta. Umair ya ji idonta a kansa, ya ƙara sunkuyar da kai cikin waya yana jan allo sama da ƙasa, alhali ba abin da yake karantawa.

Shi kaɗai ne a falon ya san cewa mahaifiyarsa da matarsa ba magana ɗaya suke ji ba.

Umair mutum ne da ƙafarsa ba ta zama. Ya bar Madina yana saurayi ya tafi Malesiya karatu, bai gama ba ya koma Istanbul, daga nan Alƙahira. Ko'ina ya je, da abu ya fara nauyi sai ya haɗa jaka. Yana can mahaifinsa ya kwanta ciwon daji na hanta, kafin ya gama cewa gobe zai taho har an kai Malam maƙabartar Baƙi'a an rufe. Ya dawo da jaka ɗaya da kunya mai yawa, ya samu aiki a filin jirgi wajen tarbar alhazai. A nan ya ga Sundus tana yi wa wata tsohuwa 'yar Sakkwato tafinta da Hausarta ta haihuwar Madina, rabi Hausa rabi Larabci. Ya yi mata dariya, ta ce masa wanda ya yi yawon duniya bai kawo ko takardar shaida ba bai kamata ya yi wa kowa dariya ba. Tun ranar take kiransa Matafiyi.

Kafin ya tura manya ta zaunar da shi ta faɗa masa gaskiya, ba kwana-kwana. Tana da ciwon dajin jini, irin mai tafiya a hankali. An gano shi tana jami'a. Ba a yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba, ƙwaya ce guda ake sha kullum, sunanta imatinib, wadda ke bin ainihin abin da ya lalace a cikin jinin ta hana shi yaɗuwa, ta bar sauran jiki lafiya. Wanda ya gan ta ba zai ce tana da komai ba, sai ɗan kumburin ido da safe da ɗaurewar ƙafa wani lokaci. Sharaɗin ɗaya ne mai nauyi: muddin tana shan ta, ba ɗaukar ciki, don tana cutar da ɗan tayi. Likitarta ta ce idan gwajin jini ya yi ta fitowa tas na wasu shekaru, za a iya gwada ajiye maganin a ƙarƙashin kulawa, a lokacin sai a yi maganar haihuwa.

"Ka gaya wa Ummi kafin kowa ya taka gidanmu," ta ce. "In ta ƙi, ba zan riƙe ta a zuciya ba."

Ya yi alkawari. Ya kuwa je ƙofar ɗakin Hajiya sau da yawa da maganar a bakinsa. Amma Hajiya tun rasuwar Malam ba ta iya furta sunan ciwon, sai dai ta ce "wancan abin" ta nemi tsari. Ya san in ta ji za ta yi kuka, ta ce ba za ta sake jinyar wancan abin a gidanta ba. Sai ya ce bari a ɗaura aure tukuna. Da mahaifin Sundus, Malam Mahmudu mai sayar da dabino, ya kira shi gidansa na unguwar Jurf ya tambaye shi ko ya sanar da Hajiya, sai ya ji bakinsa ya ce, "Na sanar da ita, Baba. Ta ce Allah ya ba da lafiya."

Da a wani wuri ne, da ƙaryar ba ta kwana biyu ba. Amma tsakanin surukai akwai kunya. Malam Mahmudu bai taɓa wuce gaisuwa ta bayan labule da Hajiya ba, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa, babu macen da za ta zauna da Hajiya su yi ƙus-ƙus. Sundus ba ta haɗa ido da uwar mijinta, balle ta buɗe baki ta yi mata zancen jini da ciki. Hajiya ita ma ba za ta zubar da girmanta ta tambayi surukarta me take sha ba, sai dai habaici. Kowa ya tsaya a inda tarbiyya ta ajiye shi, ƙaryar Umair ta zauna a tsakiya ba mai taɓa ta.

Da yammacin wannan Juma'ar, da suka hau sashensu na sama, Sundus ta cire mayafi ta zauna a bakin gado.

"Matafiyi, Ummi ta san abin da nake sha, ko?"

"Ta sani mana."

"To me na yi mata?"

Ya ce ta yi haƙuri, halin tsofaffi ne, son jika ke sa su faɗi abin da ba su nufi ba. Ta ce shi ke nan, ta tashi ta yi alwala.

Washegari Hajiya ta tare shi a matakala yana sanye da kayan aiki. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san ƙwayar hana haihuwa in ta gan ta, kuma in da yardarsa ake yi to ya ji tsoron Allah. Nan ne ƙofa ta buɗe masa wangale. Kalma uku ta isa. Sai ya ce maganin jini ne kawai, Ummi. Ta ce duk haka suke faɗa. Ya dubi agogo ya ce ya makara.

Lokacin aikin Hajji ya shigo, jirage suna sauka ba hutu. Umair ya riƙa karɓar lokutan aikin abokansa yana ƙarawa a kan nasa, wai don taimako, alhali gidan ne ba ya son komawa. Yakan tsaya gaban allon tashin jirage yana karanta sunayen garuruwa, zuciyarsa na yi masa irin ƙaiƙayin da ya sani.

Da alhazai suka watse ya dawo ya tarar da gida ya canza. Sundus ta daina ciko babban kofi bayan abinci. Hajiya ta sake mata fuska, har tana kiranta 'yar albarka, tana ajiye mata dabinon ajwa a ƙaramin kwano. Kumburin idon safe ya tafi, Sundus ta yi fes. Umair ya ce wa kansa ta koma shan maganin a sama ne don gudun magana. Da ya tuna mata ranar ganin likita ta ce an ɗaga. Da ya sake tuna mata ta ce ta je da ƙawarta. Bai nemi ganin sakamakon ba. Ya ga kwalin maganin a cikin durowa wata rana, ya kai hannu zai ɗaga ya ji nauyinsa, sai ya fasa ya tura durowar. Zaman lafiya ya yi masa daɗi, kuma ya san tambaya za ta iya ɓata shi.

Haka watanni suka yi ta wucewa har Sha'aban. Sundus ta fara kasala. Loma kaɗan ta ce ta ƙoshi, ta riƙa dafe ƙasan haƙarƙarinta na hagu, gumi na jiƙa mata riga ko da na'urar sanyi na aiki. Hajiya ta gani ta yi murmushi, ta buga wa Goggo Dumbulwa waya ta ce a taya ta addu'a, kamar an samu. Ta hana ta shara, ta hana ta hawa matakala da kaya. Ranar da jiri ya kayar da Sundus a kicin da hantsi, Hajiya da kanta ta kira mota ta kai ta asibiti, tana tafe tana hamdala, ta aika wa Umair saƙon murya cewa ya zo ya ji albishir da kunnensa.

Ya iso da kayan aiki a jikinsa. Ya tarar da Sundus kwance, Hajiya na kan kujera riƙe da carbi, likitar da ke duba Sundus tun tana jami'a na tsaye da takarda a hannu, fuskarta ba walwala. Da Larabci ta yi magana, Hajiya kuwa ta shekara fiye da arba'in a Madina, ba abin da ya wuce ta. Likitar ta ce ba ciki ba ne. Ciwon ne ya dawo, fararen ƙwayoyin jini sun hau, saifa ta kumbura. Ta tambayi Sundus yaushe ta ajiye maganin, Sundus ta ce tun bayan Hajji. Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, da an ci gaba yadda ake, a cikin wannan shekarar take shirin ba ta izinin gwada ajiyewa, ana auna jininta kowane wata. Yanzu duk abin da aka tara ya zube.

Likitar ta fita. Hajiya ta daina jan carbi.

"Wane ciwo ne ya dawo?"

Sundus ta juyo da kai a hankali. Karo na farko ke nan da ta kalli uwar mijinta ido cikin ido.

"Ummi, ai kin sani."

"Na san me, 'yar nan?"

Daga nan su biyun suka juya suka dubi Umair. Ya buɗe baki, ya faɗi sunan ciwon, ya faɗi tun yaushe, ya faɗi abin da ya gaya wa Malam Mahmudu. Muryarsa ta fito siririya kamar ta yaro. Hajiya ta miƙe, ta koma ta zauna.

"Auta," ta ce, "ka zuba ido ina cin zalin marar lafiya a garin Manzon Allah. Kana zaune. Kana latsa waya."

Sundus ba ta yi kuka da ƙarfi ba, hawayen ne kawai ke gangarowa cikin kunnenta. Ta ce duk tsawon nan ta ɗauka Ummi ta san komai, ta auna ta ga jika ya fi mata ranta. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ita ma ta zo ta yarda da hakan. Sannan ta juya wa Umair baya.

Malam Mahmudu ya zo bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a baranda ya dubi surukinsa daga sama har ƙasa ya ce, "Tambaya ɗaya na yi maka, ɗana. Ɗaya tak." Da aka sallame ta, Jurf ya wuce da ita.

Azumi ya kama Umair shi kaɗai a sashen sama. Hajiya ta daina yi masa magana sai amsa sallama. Kullum da azahar takan ɗauki kular kunu ta tafi Jurf, ta ajiye kunyar surukuta a bakin ƙofa, ta zauna kusa da Sundus har a sha ruwa. Daga bakin direban da ke kai ta Umair ke jin labari: an mayar da ita kan ƙwayar farko ba ta kama kamar da ba, an canza mata wata 'yar'uwarta mai ƙarfi, tana sa ta ciwon kai da ƙuraje, ana jiran gwaji a ga ko za ta karɓe ta.

A cikin kwanakin nan wani tsohon abokinsa ya bugo daga Istanbul ya ce akwai gurbi a kamfanin yawon buɗe ido, ya taho kawai. Umair ya ji tsohon ƙaiƙayin ya taso masa har tafin ƙafa. Ya duba jirage, ya ga akwai na Alhamis. Ya ce wa kansa tafiyarsa ma sauƙi ce gare ta, ba za ta riƙa ganin fuskar da ta cuce ta ba. Ya sauko da jakarsa daga kan kabad ya buɗe ta a kan gado. Yana tsaye a kanta aka kira la'asar daga masallacin Ƙuba, sai ya tuna cewa irin wannan lissafin ya yi a Alƙahira lokacin da mahaifinsa ke kwance, ya ce zuwansa ba zai ƙara komai ba. Ya mayar da jakar.

Daga ranar, in ya tashi aiki sai ya wuce Jurf. Malam Mahmudu ya buɗe masa ɗakin baƙi, ya zauna a can gefe yana karatun Alƙur'ani, in an sha ruwa ya tura masa dabino da gahawa, ba um ba um-um. Sundus ba ta fitowa. Umair ya zauna har isha ya tashi ya tafi. Gobe ya dawo.

Sai a goman ƙarshe ta fito. Ta rame, ƙuraje sun feso mata a goshi. Ta zauna nesa da shi. Ya fara ba da haƙuri ta ɗaga hannu. Ta ce ta ji abin da ake faɗa a dangi, wai ta ƙi haihuwa, da aka matsa mata ta yi yaji. Ummi ta ce za ta bi gida gida ta wanke ta, ita ta hana.

"Ba Ummi ta ɓoye ba," ta ce. "Wanda ya ɓoye shi zai faɗa. Da bakinka, da sunan ciwon, ba wancan abin ba."

Ya ce in aka ji, maganar za ta zagaye Hausawan Madina kaf kafin magariba, za a riƙa kallonta da tausayi. Ta ce ta gwammace tausayi a kan abin da ake kallonta da shi yanzu.

Ranar Salla dangi suka taru a gidan babban wansa. Maza na ɗakin baƙi, mata na ciki, hayaniyarsu da ƙamshin turaren wuta na fitowa ta labule. Umair ya sha gahawa ya ajiye finjali. Ya tashi ya ratsa baranda ya tsaya a bakin labulen mata, inda namiji baligi ba ya tsayawa, ya yi sallama da ƙarfi. Hayaniyar ta mutu.

Ya ce shi ne Umair. Ya ce matarsa Sundus tana da ciwon dajin jini tun kafin ya aure ta, ta faɗa masa, mahaifinta ya tambaye shi ko ya sanar da Hajiya, shi ne ya ɓoye wa mahaifiyarsa ya kuma yi ƙaryar ya sanar. Ƙwayar da suka gani tana sha ita ce ke riƙe da ranta da izinin Allah. Ta ajiye ta ne saboda maganganun da ya ji da kunnensa bai tanka ba.

Wata ta yi salati a hankali. Goggo Dumbulwa ce ta fara samun baki, muryarta a sanyaye.

"Kai yaro, ana faɗin irin wannan ranar Salla? To haihuwar fa?"

"Sai likita ta ba da izini, Goggo. Shekaru ne. Wataƙila ma ba za a samu ba."

Daga can ciki muryar Hajiya ta fito, karo na farko da ta yi magana a kansa tun asibiti. "Kun dai ji. Wadda ke da sauran magana ta kawo mini ita."

Ba wadda ta kawo.

Sundus ba ta dawo a ranar ba, ba ta dawo a watan ba. Sai da gwaji ya nuna sabuwar ƙwayar ta kama, jinin ya fara sauka, sannan Malam Mahmudu ya kira Umair ya ce ya zo ya ɗauki iyalinsa. Ya rako su har mota, ya sa kwalin dabino a baya, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

A hanya tana ta kallon Dutsen Uhudu ta taga. Can ta ce likita ta ce a sake ƙirge daga farko, kamar yau aka fara, kuma tunda ciwon ya taɓa ƙin magani, ba lallai a sake ba ta damar ajiyewa ba. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne.

"Ni na iya jira, Matafiyi, tun ina jami'a nake yi. Kai ne ban sani ba."

Ya gane ba maganar baki ce za ta amsa wannan ba. Ya rage gudu, ya tambaye ta yaushe ne ganin likita na gaba. Ta faɗa masa. Ya ce zai nemi hutun ranar, kuma shi zai shiga da ita har ciki ya ji da kunnensa. Ta ce to, a gani.

An kuwa gani, domin ya je, ya sake zuwa, har ma'aikatan sashen suka san shi. Haƙurin Sundus ya mayar mata da lafiyarta da gidanta da sunanta a cikin dangi, ya ba ta uwa a wurin da take zaton maƙiyiya. Amma shekarar nan da likita ta yi niyyar ba ta izini ta wuce, ba ta dawowa, kuma duk lokacin da aka yi suna a dangi Umair yakan ga yadda take karɓar jariri ta daɗe ba ta mayar ba.

Ya ku matasa masu shirin aure, kunya ado ce, haƙuri kuma ibada ne, amma shirun da mutum ya yi don ya tsira daga ɓacin ran yini guda ba ya cikin ko ɗayansu. Gaskiyar da aka ba ka amana ka kai, kai ta tun tana da nauyi a bakinka kai kaɗai. In ka ajiye ta, wanda ya fi ƙaunarka ne zai ɗauke ta, kuma da jikinsa zai biya.